Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Kano, Jigawa Da Yobe: A Mayar Wa Kogin Haɗeja Lokacinsa

Masu girma Gwamnoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da ya ɗora muku.

Na haɗa ku ku uku a takarda ɗaya ne domin kogi ɗaya ya haɗa ku. Ruwan da ake tarewa a Tiga da Ƙaraye cikin jihar Kano, shi ne yake bi ta Wudil da Ringim ya iso Haɗeja, ya bazu a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, abin da ya rage ya nufi Nguru da Gashuwa. Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Guri. Can aka yanke mini cibiya, can na yi wayo, can kuma iyayena suke kwance. Roƙona ɗaya ne: ku taimaka a mayar wa kogin nan lokacinsa, ya zo da damina kamar yadda ya saba, ya janye da rani. Ku yi haƙuri in fara gaya muku yadda muka tashi, don sai an san abin da ya kasance kafin a gane abin da ya ɓace.

A ƙauyenmu da ruwa ake ƙirga shekara. Ruwan sama na fari yana sauka, maza su hau tudu su shuka gero, su gangaro fadama su yafa irin shinkafa tun kogi bai iso ba. Daga nan sai jira. Wajen ƙarshen watan Yuli zuwa Agusta, labari yakan riga ruwa zuwa: wani ya dawo daga kasuwar Haɗeja ya ce ya ga kogi ya ɗauko. Ba a daɗewa mu yara za mu ruga bayan gari da sassafe, mu tarar da bakin ruwa yana rarrafowa cikin busasshen kwari, jajir da laka, yana turo kumfa da karmami da ƙwari a gabansa, ƙasar da ta tsattsage tana zuƙe shi har kana jin ƙararta. Mukan kafa kara a gefensa mu koma makarantar allo. Da la'asar in mun dawo, ruwa ya ci rabin karan. Ranar gari kan cika da murna. Tsofaffi suna fitowa da sanda su tsaya su duba launinsa da saurinsa, su ce bana za a ci shinkafa, ko su yi shiru su juya.

Shinkafar da muke shukawa a lokacin tana tashi ne tare da ruwa, ruwa na hawa tana hawa. Kafin watan Satumba ƙauyenmu ya zama tsibiri, kasuwa sai da kwale-kwale, gaisuwar mutuwa sai da kwale-kwale. Kifi yana biyo sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. Kirinjijiya da dinya da zalɓe su cika fadama, in sanyi ya kusa kuma agwagin da ke tasowa daga Turai su sauka, sukan rufe sama in sun tashi.

Sai ruwa ya fara ja da baya. Yana janyewa manoma na bin sawunsa da irin wake, suna tona rami a danshin da ya bari, wake ya nuna ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba. A yanke shinkafa, a kai masussuka. Tafkunan da suka rage cikin kwari kuma Sarkin Ruwa ya sa musu doka, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya ce. Ranar su kuwa, wanda bai gani ba an bar shi a baya. Tun asuba mutanen ƙauyukan kewaye suke jeruwa a bakin tafki, kowa rungume da gorarsa, koma biyu a hannu. Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya ba da izini, sai ka ji ruwa ya ɗauki ƙara baki ɗaya. Mutum ya kifa cikinsa a kan gora yana tuƙi da ƙafa, ya nutsa komayensa ya haɗe bakinsu, ya ɗago da tarwaɗa tana fisge-fisge, ya jefa ta cikin gorar da yake kai. Mu da ba mu isa shiga zurfi ba muna gefe cikin taɓo muna damƙar ƙarfasa da kurungu, ƙayar kurungu na sukar mu ba ma ji. Mako guda gari na warin hayaƙin banda. Fatake su zo su cika kwanduna su nufi Haɗeja, daga can kifin ya wuce har Kudu.

Bayan girbi Fulani suke saukowa. Arɗo yakan fara zuwa ƙofar Bulama ya yi gaisuwa, a gaya masa gonakin da aka kwashe da waɗanda wake bai gama ba. Shanu su shiga su ci kara da burugu, su bar mana taki. Matansu su shigo gari da ƙwaryar nono su fita da hatsi. Mahaifiyata tana da ƙawa Bafulatana da take ajiye wa dussa tun kafin su iso, kowace shekara kuma ita ce ke kawo mana man shanun da muke ci har bazara.

Ranku ya daɗe, a nan nake so ku tsaya ku duba. Fili ɗaya ne, amma mutum uku suke ci a cikinsa, manomi da masunci da makiyayi, kowa da watanninsa. Da damina na masunci ne da mai shinkafa, da kaka na mai wake, da rani na makiyayi. Ba wata hukuma ce ta raba musu ba, zuwan ruwa da tafiyarsa ne suka raba. Akan yi saɓani, saniya takan faɗa gona, amma da wuya maganar ta wuce zauren Bulama, don kowa ya san lokacinsa na tafe. Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani sun zauna wuri ɗaya shekara da shekaru a kan wannan tsari. Har wasanninmu a kansa suke: gaɗa da langa a dandali sai an kai amfani gida, kokawa da bukukuwan aure sai kuɗin kifi da shinkafa sun shigo, saƙar tabarmar kaba da tonon bado sai ruwa ya ja.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Na ga manyan mutane kwance da kurkunu a tsakiyar damina, gona na jiran su. Na ga ƙyanda ta shiga gida ta ɗauki yara biyu cikin mako ɗaya. Na ga an ɗora mai naƙuda a kwale-kwale da tsakar dare, aka dawo da gawarta. Iyayenmu sun sha farin 1973, mu kuma mun ga na 1984 da idonmu. Yau an raba Nijeriya da kurkunu, tun 2013 aka tabbatar da haka. Akwai famfon burtsatse, akwai makaranta, akwai babur da waya, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Duk wannan alheri ne, mun gode wa Allah, mun gode wa waɗanda suka yi. Kukana a kan abu ɗaya ne da ya lalace, wanda sauran rayuwarmu ke rataye a jikinsa.

An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tun muna yara tsofaffi ke cewa ruwan da muke yi wa murna bai kai rabin wanda suka sani ba, suna nuna mana gindin itatuwan da a da sai da jirgi ake kai musu. Aka zo aka gama ta Challawa a Ƙaraye a 1992. Madatsun nan biyu ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shigowa Kogin Haɗeja. Masu binciken da suka yi ta auna fadamar nan tun shekarun 1980 sun nuna cewa filin da ruwa ke mamayewa da damina ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da na kafin Tiga. Sun kuma nuna cewa in aka haɗa shinkafa da kifi da kiwo da itacen da fadama ke bayarwa, amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya gangaro ya fi wanda ake samu in an tare shi a manyan gonakin ban ruwa.

Raguwar ruwan damina masifa ce, amma wadda ta fi karya mu ita ce ruwan rani. Birnin Kano na buƙatar ruwan sha duk shekara, gonakin Kadawa da Kura na buƙatar ban ruwa, haka na Auyo, don haka ake sakin ruwa daga madatsun har cikin bazara. Kogin da a da yake ƙafewa ƙaƙas ya sha rana wata da watanni, yanzu ba ya bushewa. Ciyawar kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya tafiya. Ta kafu, ta yaɗu, saiwarta ta riƙe laka da yashi, hanyoyin ruwa suka cike. Tsohon Kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya bi reshen Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu garuruwa gonakinsu na ƙarƙashin ruwa shekara ta zagayo, wasu kuma a gefensu suna kallon kwarin da ya bushe. Mutanen Gashuwa da na gaba da su, abin da ke isa gare su daga Kogin Haɗeja kaɗan ne ƙwarai, da ruwan Jama'are suke rayuwa.

Gonar shinkafar mahaifina tana nan, na san inda take, amma ba na iya taka ta. Kacalla ce a kai, ta fi tsayin mutum, ta yi duhu, in ka kutsa taku kaɗan ba ka ganin wanda ke bayanka. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shiga. A cikinta jan baki ke kwana, dubbai a kan dubbai. Da hantsi su tashi su sauka a gonar gero ko shinkafar da ta rage, kafin azahar sun bar wa mai gona kara. Shi ya sa in amfani ya fara nuna za ka ga yara ba sa zuwa makaranta, suna kan rumfa a tsakiyar gona tun asuba, suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dishe. Sauro ba ya ɗaukewa ko da bazara. Tsargiya ta yi yawa a yara, shanu na fama da ciwon hanta.

Mutanenmu ba su naɗe hannu ba. Na ga aikin gayya da idona: magidanta daga ƙauyuka da dama, cikin ruwa har ƙirji, da lauje da adda, suna yankan kacalla daga ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, wasu na jan ta zuwa gaɓa, matsattsaku na manne musu a ƙafa. Mata na dafa abinci a bakin ruwa, kowane gida ya kawo abin da ya samu. Sukan buɗe hanya, ruwa ya wuce, a yi ta hamdala. Shekara na zagayowa ta sake rufewa, domin abin da ke ciyar da ita bai daina zuwa ba. Ƙarfin talaka ba zai iya da wannan shi kaɗai ba.

Idan kuma aka yi damina mai ƙarfi, ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya bi ta cikin gari. Mun gani a 2020, mun sake gani a 2022, lokacin da ambaliya ta ci rayuka fiye da 100 a jihar Jigawa, ta rusa gidaje, ta shafe gonaki, mutane suka koma kwana a makarantu da bakin titi. Yaran da suka tashi yanzu tsoron ruwan Agusta suke yi. In aka ce kogi ya ɗauko, buhu ake nema a cika da ƙasa.

Da tsarin nan ya rushe, zaman tare ma ya girgiza. Filin da ake ci bi da bi ya ƙanƙance, kowa na son sa a lokaci ɗaya. Manomin da kacalla ta cinye wa gona ya matsa ya nome burtali. Wanda ya sami injin ban ruwa ya shuka albasa da tattasai a inda shanu ke shan ruwa da rani. Makiyayi ya iso ya tarar ba hanya ba mashaya. Rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma ba baƙon labari ba ne a wurinku, kun sha tura jami'an tsaro, kun sha kafa kwamiti. Ina roƙonku ku dubi gindin abin. 'Ya'yan mutanen da suka yi musayar nono da hatsi ne ke fuskantar juna da makami, kuma ba halinsu ne ya sauya dare ɗaya ba. Abin da ke raba musu lokaci ne ya tafi.

Samarinmu kuwa sun watse. Ci-rani da can wata uku ne, a dawo kafin shuka. Yanzu yaro zai tafi Legas ko Abuja ko Fatakwal yana acaba ko turin baro, sai Sallah, wani ma sai an aika masa da rasuwa. Masunta sun bi kifi zuwa wasu koguna. In ka shiga ƙauyenmu da rana, tsofaffi ne a gindin bishiya, sai mata da ƙananan yara. Sarkin Ruwa na nan da sarautarsa, tafkin da zai sa wa doka ne babu. Dandali ya mutu. Akan ce waya ce ta kashe shi, ni kuwa ina ganin ko babu waya, garin da ba samari ba amfanin gona ba shi da abin yi wa kiɗa.

Na san makullin madatsun nan ba a hannunku yake ba. Na Gwamnatin Tarayya ne, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma in gwamnoni uku suka yi magana da murya ɗaya, za a saurara. Kuma ba sabon abu za ku fara ba. A 2006 an yi taro a Damaturu, inda jihohi shida da ke cin moriyar wannan ruwa, wato Kano, Jigawa, Yobe, Bauci, Barno da Filato, suka amince da tsarin kula da shi tare, aka kafa asusu na musamman don aikin. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye, dausayin Baturiya ya biyo baya a 2008. Takardu da yarjejeniyoyi suna nan. Abin da muke jira shi ne mu gan su a bakin kogi.

Mai girma Gwamnan Kano, ba muna cewa a hana birni ruwan sha ba ne, ko a kashe noman Kadawa. 'Yan'uwanmu ne ke sha, mu ma tumatirin Kura muke ci. Abin da muke nema shi ne a auna abin da birni da gonaki ke buƙata da rani a saki daidai shi, a gyara wuraren ɗibar ruwa yadda ba sai an cika kogi ba kafin famfo ya samu, rarar kuma a adana ta a sake ta da damina, lokacin da shinkafa da kifi ke jiran ta. In aka samu hanyoyin ruwan da ke ƙasa da Haɗeja suna bushewa na wasu watanni a kowace shekara, rana da wuta da shanu za su yi wa kacalla abin da adda ta kasa.

Masu girma Gwamnonin Jigawa da Yobe, yasar kogi aikin haɗin gwiwa ne. In Jigawa ta buɗe nata ɓangaren Yobe ba ta buɗe ba, an tura wa maƙwabci ambaliya ne kawai, haka in aka juya. Mun ga injinan yasa sun yi aiki a wasu wurare, kuma inda suka bi an ga bambanci. Muna roƙon abin ya zama na kowace shekara, da kasonsa a kasafin kuɗi, a fara daga inda ruwa ke rabuwa tsakanin Marma da Burum Gana da tsohon kogi, a kuma gina abin da zai raba ruwan da adalci a wurin. A tallafa wa masu aikin gayya da kayan aiki da magani. A sake shata burtali da mashaya tun ana iya gane inda suke, tun dattawan da suka san iyakokinsu suna raye. Batun madatsar Kafin Zaki da ake ta tayarwa a kan Kogin Jama'are kuma, ina roƙonku kada ku yarda a aza tubali sai an zauna da mutanen da ke ƙasa, domin shi ne kogin da ya rage mana yana zuwa a kan lokacinsa.

Duk zaman da za a yi kan wannan ruwa, a sa kujerar Sarkin Ruwa da ta Arɗo da ta Bulama, a kira matan da ke sana'ar banda da kaba. Injiniya ya san adadin ruwan da ya fita daga Tiga, amma su ne suka san kwarin da yake bi da gonar da yake kwana. Sannan kowace shekara, tun kafin shuka, a fitar da jadawalin sakin ruwa, a karanta shi a gidajen rediyon jihohin nan uku da Hausa da Badanci da Manganci da Fulatanci, a maimaita a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa. Duk lokacin da za a ƙara sakin ruwa saboda madatsa ta cika, a sanar da mu da kwanaki, yadda mai shinkafa zai san ranar yanka, mai gida a bakin kwari ya kwashe iyalinsa. Wannan ba ya buƙatar kwangila, kuma za ku iya fara shi tun daminar da ke tafe.

Allah ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗan fadamar Haɗeja, daga ƙasar Guri